Jar Motar Hamma

Hamma muke ce wa babban yayanmu, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa a Jalingo. Shekara tara ya ba ni. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina aji biyu a sakandare, shi kuma bai daɗe da fara aikin likitan dabbobi ba. Daga ranar nauyin gidanmu na Yelwa ya koma kansa: Inna, da ni, da ƙannenmu mata uku. Shi ya riƙe karatuna har na gama, shi ya aurar da 'yan matan, shi ya sake wa ɗakin Inna kwano da tsohon ya fara yoyo. Ban taɓa ganin ya sayi abu don kawai ya ba shi sha'awa ba. Motar da ya yi shekaru yana hawa tsohuwar akori-kura ce, bayanta kullum da warin maganin kaska.

Shi ya sa ranar da ya tsaya a ƙofar gidan da nake haya a Majidaɗi cikin wata jar mota mai ƙofa biyu, sai da na sunkuya na leƙa ta gilashi kafin na yarda shi ne. Motar gajeriya ce ƙwarai, rufinta bai kai ƙirjina ba. Hancinta dogo, tayoyinta masu faɗi, cikinta kuma ya kusa taɓa ƙasa. Irin waɗanda Turawa ke ƙerawa ne don gudu da nishaɗi. Ta kusa shekara ashirin a duniya kafin ta zo hannunsa. Wani dillali ne ya shigo da ita ta Kwatano, ta daɗe a Legas ba mai saye, har Hamma ya je wani taron aiki ya gan ta. Da kansa ya tuƙo ta, kwana biyu a hanya.

"Hamma, wannan fa?" na ce.

"Shigo ka gani."

"Ina za ka sa buhun dusa? Ina yara za su zauna?"

Ya yi dariya. "Shekara talatin ina ɗaukar mutane da kayansu. Wannan mutum ɗaya take ɗauka, kuma ni nake zaɓensa. Yau kai ne."

Na durƙusa na shiga kamar mai shiga akurki. Muka fita gari muka kama hanyar Zing. Da gidaje suka ƙare, duwatsu suka bayyana, sai ya cire hula ya ajiye a cinyarsa, ya taka. Na ji bayana ya manne da kujera. Injin yana da wata murya mai kauri, ba ihu ba, wani irin gurnani da ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji. Na juya zan ce ya rage, sai na ga fuskarsa. Mutum mai furfura a gemu, yana murmushi kamar ɗan makarantar da aka ba hutu. Na koma na jingina, na bar shi ya yi gudunsa.

Inna da ta ga motar a ƙofar gida sai ta zagaya ta sau ɗaya, ta riƙe haɓa. "Kai da girmanka?" ta ce. Sannan ta shafa bonet ɗin da tafin hannu ta ce Allah ya tsare. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo ya gaishe ta, kuma tun daga kwanar layin ake sanin ya iso, domin babu wata mota a unguwar mai irin wannan murya.

Wata goma kawai ya more ta. Ciwon hanta ne. Ya fara da rama da kasala, yana cewa gajiyar yawon ruga ce. Kafin a gane abin ya yi nisa. Aka yi asibitin nan, aka yi na Jos, aka dawo da shi gida. A watanninsa na ƙarshe ba ya iya lanƙwasa jiki ya shiga motar. Tana ajiye ƙarƙashin mangwaro a gidansa na Barade, yana kallonta ta taga. Wata rana ya miƙo mini makulli ya ce, "Ka riƙa tada ta kana bari ta ɗumama. In mota ta zauna, mutuwa take yi." Na riƙa zuwa duk bayan kwana uku ina tada ta, shi kuma yana kwance yana saurare. Ya rasu a tsakiyar damina, ranar Talata da hantsi.

Bayan matarsa ta fita takaba, ta yanke shawarar komawa Bali wajen iyayenta tare da yaransu huɗu. Da aka raba gado motar ta faɗa cikin rabon yaran, aka ce a sayar. Dillalai suka fara zuwa. Kowa sai ya shura taya, ya leƙa ƙasa, ya girgiza kai. Wata rana na tarar da wani matashi a zaune a kujerar Hamma, yana ta taka totur a banza, abokansa na ɗaukarsa hoto. Da ya fito ya ce motar ta burge shi, amma in ta lalace sai dai 'yan gwangwan. Ya yi wani tayi da ban ga dalilin maimaita shi ba. Na karɓe makullin daga hannunsa.

Ina da fili a hanyar Kona, wanda na daɗe ina tanadi kafin na same shi. Shi na sayar, na biya abin da dattawa suka ƙiyasta wa motar, aka ba wa marayu haƙƙinsu. Matata malamar firamare ce, mace mai kawaici. Sai da na gama komai na faɗa mata, kuma wannan laifina ne.

"Malam, filin da za mu gina?" ta ce.

"Ba zan iya ganin wani a cikinta yana yawo a garin nan ba."

Yaranmu uku a lokacin. Daga ƙarshe ta ce, "Allah ya sa hakan ne alheri," ta tashi ta shiga kicin.

Makaniken Hamma wani dattijo ne Mumuye, dattijon coci kuma, garejinsa ƙarƙashin itatuwa a bayan Barade. Baba kowa ke ce masa. Ya zo jana'iza, ya tsaya daga gefe har aka gama. Ranar da na kai masa motar a matsayin tawa, ya jawo benci ya ce in zauna. Hausarsa irin ta cikin garin nan ce, mace da namiji duk "shi" ne.

"Malam, bari in gaya maka gaskiya. Likita ma na gaya masa, dariya ya yi. Motan nan injin shi lafiya lau, zai kai ka Legas ya dawo da kai. Amma roba-roba da waya-waya na ciki, duk sun tsufa. Ba a yi shi don rana namu ba, ba a yi shi don hanya namu ba. Kayan shi kuma babu a Jalingo, babu a Yola. Ran da ƙaramin abu ya lalace, za ka zauna ka jira."

"Na ji, Baba. Zan riƙe ta."

"To. Ni ma zan riƙe maka shi iya ƙarfina, saboda likita."

Watannin farko ba ta ba ni wata matsala ba, har na fara tunanin Baba tsorata ni kawai ya yi. Abin da na fara lura da shi shi ne ba ta shan irin baƙin man da kowa ke juyewa. Nata daban ne, daga Jos ake aiko da shi a motar haya, kuma kuɗin juye ɗaya ya ishi maƙwabcina ya juye wa tasa sau uku. Sai taya. Na faɗa wani rami kusa da kasuwa, tayar baya ta yage. Na zaga duk masu sayar da taya a garin nan, kowa ya duba lambar sai ya ce bai taɓa ajiye irinta ba. Daga Anaca aka kawo, bayan mako biyu, kuma Baba ya ce ba a canza mata ɗaya, sai biyun baya tare, in ba haka ba za ta riƙa ja gefe.

Damina ta biyu ce ta nuna mini abin da na ɗauko. Layinmu a Majidaɗi ba kwalta, ruwa ya zaizaye tsakiyarsa, duwatsu sun fito. Wata rana da yamma ina dawowa daga ofis sai na ji ƙwal a ƙasa. Ban ɗauke shi komai ba. Ina isa ƙofar gida matata, da ke tsaye da bokiti, ta ɗaga murya: "Malam, kashe! Kashe ta!" Na kashe na fito. Baƙin mai ne ya yi layi tun daga tsakiyar unguwa har ƙarƙashin motar. Dutse ya fasa kwanon da ke riƙe man a ƙasan inji. Baba ya ce da na ƙara minti biyu injin a kunne, da an gama magana. Muka aika Anaca, aka yi mako uku, aka kawo kwanon da ba nata ba. Aka mayar, aka sake jira. Mako bakwai tana kan duwatsu a garejin Baba, an lulluɓe ta da tamfol, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Daga nan duk damina sai in ajiye ta a harabar wani abokin aikina da ke bakin kwalta, in ƙarasa gida da ƙafa, wando a naɗe. A cikin gari kuma duk tudun rage gudu sai na bi shi a karkace, a hankali, masu keke napep a bayana suna ta hon. Akwai wanda ya taɓa leƙo kai ya ce, "Alhaji, ka sauka ka ɗauke ta a ka mana!" Mutanen gefen titi suka yi dariya. Ni ma na yi.

Abin da Baba ya faɗa haka ya riƙa zuwa, ɗaya bayan ɗaya. A zafin bazara tiyon lagireto ya fashe a tsakiyar titi, tururi ya turnuƙe. Aka canza, bayan wata biyu wani tiyon ya fashe, har Baba ya ce gara a canza su duka a huta. Famfon mai ya mutu saboda gurɓataccen fetur da na sha a hanyar Mutum Biyu. Gilashin ƙofar direba ya sauka ya ƙi tashi, na yi wata guda ina rufe wajen da leda. Mafi wahala shi ne lokacin da ta koyi mutuwa da kanta. Tana tafiya lafiya, da ta ɗau zafi sai ta ɗauke, sai ta huce ta sake tashi kamar ba ita ba. Baba ya yi kwana goma a kanta, sannan ya share hannu da tsumma ya ce, "Malam, wannan ya fi ni. Ba zan ci kuɗinka a banza ba." Ya kira wani mai gyaran lantarkin mota daga Jos, wanda ya zo da kwamfuta a jaka. Kuɗin motarsa da masaukinsa da abincinsa duk a kaina. Ya jona kwamfutar, ya gano wani ɗan abu da bai kai babban yatsana ba, a ɓoye a bayan inji. Wannan ɗan abin ma sai da aka jira shi wata guda daga Legas.

Ba zan zalunce ta ba. In tana da lafiya, ban taɓa hawa mota irinta ba. Injin bai taɓa yin hayaƙi ba, giyarta ba ta taɓa gardama ba, burkinta kuma ya taɓa ceto na da wata saniya a hanyar Yola. Amma ba don wannan na riƙe ta ba. Hamma ya fi ni tsawo, kuma ban taɓa matsar da kujerar direba daga inda ya bar ta ba. Da ɗan matashi nake cikawa a bayana. Fatar sitiyarin ta goge a daidai inda yake riƙewa. Wani lokaci ranar Asabar da safe sai in wanke ta, in fita hanyar Zing ni kaɗai, in yi ta yi masa addu'a har in kai inda muka juya ranar farko, in dawo. In na dawo nakan ji sauƙi na kwana biyu.

A gida kuwa abin yana ci a hankali. Shekara biyar muka ƙara a gidan haya. Duk lokacin da muka ɗan tara abin da za mu nemi wani filin, sai motar ta buƙaci wani abu. Kujerar bayanta ko yaro ɗan shekara bakwai ba ya zama sai ya naɗe ƙafa. Da safe matata da yara keke suke hawa. Akwai wata safiya da ake ruwa, na ɗauki ƙaramar 'yarmu a gaba, na bar matata da sauran biyun a bakin titi ƙarƙashin lema ɗaya suna jiran keke. Na gan su a madubi har na sha kwana. Da rana da na dawo, ta ajiye mini abinci, ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, ban taɓa cewa ka manta da Hamma ba. Ni ma ya riƙe ni kamar ƙanwarsa. Amma mu da muke raye fa, ina za mu zauna?"

Na ce ta ƙara haƙuri, gyaran da aka yi na ƙarshe shi ne babba, daga shi an huta. Ta gyaɗa kai. Ita ma ta san na faɗi haka a bara.

Da fetur ya yi tsada sosai sai na daina zuwa ofis da ita. Rana ɗaya na ware mata, Juma'a. Bayan masallaci sai in tuƙa ta zuwa Yelwa in gaida Inna, kamar yadda Hamma yake yi, kamar kuma yadda na saba tun da na saye ta. A zuciyata ina ganin wata hidima nake yi wa tsohuwar, ina nuna mata cewa abin ɗanta bai tafi hannun bare ba, kuma Juma'arta ba ta mutu ba. Nakan same ta a cikin ɗaki, a bakin gado, da carbi. Gaisuwarta takan yi gajarta, sai an ɗan jima take sakewa. Makonnin da motar ke gareji, in na zo a keke, a tsakar gida nake samunta tana tsince wake ko tana faɗa da jikoki, ta tare ni da hira tun daga zaure. Na lura da bambancin, amma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba.

Wata Asabar da hantsi autarmu, wadda ta dawo gida take kula da Inna, ta kira ni a waya tana kuka. Inna numfashinta yana sama-sama, ta kasa tsayuwa. Na fito da gudu. A raina ina roƙon Allah kada motar ta ba ni kunya yau. Murɗa ɗaya ta tashi. Ban taɓa isa Yelwa da sauri irin na ranar ba. Muka tallafo Inna ni da auta, muka fito da ita ta zaure. Na buɗe ƙofar gaba, na kwantar da kujera. Inna ta ɗago kai ta ga motar, sai ta ƙanƙame hannuna, ta toge.

"Ba zan shiga ba," ta ce da kyar.

"Inna, asibiti za mu. Minti goma ne."

"Na ce ba zan shiga ba. A nemo wata."

Na ɗauka ƙanƙantar motar ce ta tsorata ta. Na fara lallashi, raina na ɓaci, auta na kuka. Maƙwabciyar Inna, wata Bajukuna ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta ji hayaniya ta fito. Ba ta tambayi komai ba, ta koma ta fito da tsohuwar motarta mai ƙofa huɗu. Inna ta shiga ba musu, ta kwanta a baya, kanta a cinyar auta. Na bar tawa a ƙofar gida ko kullewa ban yi ba, na zauna a gaba kusa da matar.

Hawan jini ne ya taɓa zuciya. Aka ba ta gado. A rana ta uku ta samu sauƙi har tana shan kunu da kanta. Bayan la'asar auta ta tafi gida ɗauko kaya, muka rage mu biyu. Na gyara mata matashi, na ce cikin wasa, "Inna, kin ƙi motata, kin zaɓi ta maƙwabta."

Ba ta yi dariya ba.

"Zauna," ta ce. Na zauna.

"Duk Juma'a in ka shawo kwanar nan, ina jin ƙararta tun daga ɗaki. Kafin hankalina ya dawo, na riga na miƙe, na gyara ɗankwali. Zuciyata sai ta ce mini ga shi nan ya zo. Kafin ka kashe injin na tuna. Sai in koma in zauna." Ta numfasa. "Shekara biyar ke nan. Duk mako sai an sake yi mini rasuwarsa."

Na kasa ɗaga kai. Da kyar na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ga kai ma ita kaɗai ta rage maka. Ni na haife shi, amma kai shi ne ubanka. In na ce ka rabu da ita, da wane bakin?"

Ban yi kuka a jana'izar Hamma ba, domin ni ne namijin da ya rage, ni ke karɓar gaisuwa. A ɗakin asibitin nan na yi shi, na kifa kaina a gefen katifarta, tana dafe da ƙeyata, masu jinyar gadon kusa suna kawar da kai.

Ban sake kai motar Yelwa ba. Na roƙi Baba ya je ya ɗauko ta daga ƙofar gidan kafin a sallamo Inna. Amma sayarwar ba ta zo mini da sauƙi ba. Na lulluɓe ta a harabar abokin aikina, na yi wata huɗu ina cewa sai mako mai zuwa. Baba ne ya zo har ofis ya same ni. Ya ce batir ya mutu, tayoyi sun fara tsagewa, ɓera ya shiga ya fara cin waya. "In za ka hau shi, ka hau. In ba za ka hau ba, ka ba wanda zai hau. Haka da ka bar shi, ba ka kyauta wa kowa ba."

Shi ya samo mai saye, wani malamin jami'a daga Yola mai sha'awar irin waɗannan motoci. Na zaunar da shi a bencin garejin na faɗa masa duk abin da na sani: man da take sha, inda ake samun taya, kwanon da aka canza, wayar da ɓera ya taɓa. Baba yana gefe yana ƙara abin da na manta. Mutumin ya ce bai taɓa ganin mai sayar da mota yana kushe kayansa haka ba. Abin da ya biya bai kai ko kusa da kuɗin filina ba, balle abin da ta ci a shekara biyar. Abu ɗaya na roƙe shi, kada ya bi ta Yelwa in zai fita gari. Ya shiga, ya matso da kujerar direba gaba daidai tsawonsa, ya tafi.

Na sayi wata tsohuwar mota mai ƙofa huɗu, irin wadda kayanta ke zube a kowane shago a garin nan. Ranar da na kawo ta, matata ta shiga gaba ta zauna, yara suka cika baya suna rigimar taga.

Da Inna ta ƙara ƙarfi ta ce tana son ganin 'ya'yan Hamma. Bayan ƙaramar salla muka kama hanyar Bali, ni da ita da auta. Matar Hamma ta tare mu da murna, aka yanka kaza, yara suka zagaye kakarsu. Babbar 'yar Hamma, wadda ta bar Jalingo tana 'yar sakandare, yanzu ta zama budurwa, tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin dabbobi. Bayan an ci abinci ta fito ta same ni a waje ina duba ruwan lagireto. Ta durƙusa ta sake gaishe ni, ta kalli motar, ta kalle ni.

"Baffa, ina motar babanmu? Tana gareji ne?"

Na ce na sayar.

Ta sake duban motar. Sannan ta ce, a hankali, "Na koyi tuƙi bara. Na ce in na fara aiki zan zo in roƙe ka ka sayar mini. Shi ya sa ban taɓa damuwa ba, na san tana wajenka."

A duk shekarun nan ban taɓa tunanin akwai wanda ke jiran motar nan ba. Na ɗauka ni kaɗai nake riƙe da Hamma a cikinta. Na so in faɗa mata wahalar taya da kwanon mai da jiran kaya daga Anaca, amma na ga ba wannan take tambaya ba. Na ce, "Ki yafe mini. Ya kamata in tambaye ku."

"Ba komai, Baffa," ta ce. Ta share ido da gefen mayafi, ta koma ciki, na jiyo ta tana tambayar Inna ko a ƙaro mata ruwa.

Da muka dawo Jalingo na kira malamin nan na Yola. Ya ce ai motar ba ta yi wata biyar a hannunsa ba. Wani abu ya lalace a giya, ya gaji da jira, ya sayar wa wani dillali da ya ce Abuja zai kai ta. Ya ba ni lambar dillalin. Na kira sau uku a ranaku daban-daban, ba a ɗauka ba. Na faɗa wa yarinyar yadda aka yi. Ta ce Allah ya sa tana hannun mai kula, sannan ta tambaye ni jikin Inna, na ce da sauƙi, jiya ma ta fita da ƙafarta har gidan maƙwabciya.